Likkafanin da Ya Hau Dandamali

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kowa ya faɗi wannan kalma ranar da Gwaggo ta rasu, kuma gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito. Abin da ya biyo bayanta ne na kasa haɗiyewa har yau. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, tun kafin waɗanda suka ƙi ta tana da rai su gama ƙera wata sabuwar Gwaggo da za su iya yabo ba tare da kunya ta kama su ba.

Da hantsi ta cika a asibiti, ina zaune ina matsa mata ƙafa. Kafin la'asar ɗakinta na unguwar Morris Heights, a nan New York, ya cika maƙil, takalma har bakin lif. Ni da na san yadda ɗakin nan yake wuni shiru, daga ita sai rediyonta, sai na tsaya a ƙofar kicin ina kallon ikon Allah. Matan da in sun hango ta a gidan suna sai su ja kujera su matsa gefe, yau su ne suke fyace hanci da bakin mayafi. Wata har da zubewa a kan kafet, wai "Wayyo uwarmu ta tafi!" Uwarku? Tun yaushe? Wannan matar da kunnena na ji ta ce ba za ta ci tuwon da 'yar wasa ta tuƙa ba. Na kai mata ruwa, don Gwaggo ta hore ni ba a hana mai kuka ruwa, amma wallahi da tsaki na dire kofin.

Masu kukan gaskiya ba su da yawa. Akwai maƙwabciyarta, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, wadda ta zauna a ƙasa kusa da silifas ɗin Gwaggo ba ta ce wa kowa uffan ba. Akwai kuma ɗalibanta na jami'a, farare da baƙaƙe, sun cire takalma sun rakuɓe a lungu, ba sa jin abin da ake faɗa. Ɗaya daga cikinsu ta zo da furanni ta rasa inda za ta ajiye, matanmu suna ta zunɗen ta da baki. Na karɓa na sa a tulun ruwan Gwaggo.

Ana cikin haka sai ga Baffa. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, Baffa kuma ƙaninsu ne, autan ɗakinsu. Tun da mahaifina ya rasu a Kano, shi ne babban namijin gidanmu a wannan ƙasa. A unguwar Park Hill yake zaune, can tsallaken ruwa, kuma shekara da shekaru bai hau jirgin ruwa ya tsallako ya gaida yayarsa ba, wai nisa. Ranar kuwa nisan ya ɓace. Ya shigo da babbar riga ta sha guga, makullin mota a hannu yana kaɗawa, ya nufi kujerar da Gwaggo take zama ya hakimce yana karɓar gaisuwa. "Sai haƙuri, Alhaji." "To, ya za a yi, rai na Allah ne." Matarsa ta shige cikin mata, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Gwaggo ta bar mini wasiyya da bakinta: akwai wani farin yadi a saman durowarta, a cikinsa take so a binne ta. Kuma na san duk ɗakin nan babu abin da aka tsana kamar wannan yadi. Sai na faɗi ko wace ce Gwaggo kafin a gane dalili.

Tun tana budurwa a Kano ta faɗa wasan kwaikwayo, na rediyo tukuna, sannan na dandamali. Kakanmu ya yi faɗa har ya gaji ya zuba mata ido. Ta yi karatu ta zama malamar jami'a a gida, daga nan aka ɗauko ta zuwa New York ta koyar da wasa. Ta yi aure sau ɗaya, Allah bai ba ta haihuwa ba, auren ya mutu, wannan ma ya zama abin taunawa a bakin masu taunawa. Ni ta ɗauko bayan rasuwar mahaifina, ta riƙe ni a ɗakin nan har na gama karatun nas na yi aure.

Gajeruwa ce, muryarta ba ta da kauri. Amma in ta fito dandamali ta tsaya ta yi shiru, har masu tari sai sun daina. Kullum akwai citta da kanumfari a jakarta saboda maƙogwaro, kuma ko za a mutu da zafi ba ta shan ruwan sanyi. Ba ta son yabo. In na ce mata, "Gwaggo, yau an yi miki tafi kamar rufin zai faɗo," sai ta taɓe baki ta ce, "Sun yi tafi, amma sun ji?" A gida kuwa in nishaɗi ya zo mata, babu wanda ba ta iya kwaikwayon tafiyarsa. Takan ɗauki cokali ta riƙa kaɗawa kamar makulli, ta turo ciki gaba, ta ce, "Wa ke nan?" Ni kuwa ina kwance ina dariya har da hawaye, don Baffa ne sak.

Na taɓa bin ta aji, na zaci zan ga ana tsalle-tsalle. Ashe ƙwarya ta raba wa ɗalibai, kowa tasa cike da ruwa, ta ce su ratsa ɗakin kada ɗigo ya zuba. Wani dogon saurayi mai ji da kansa ya taho yana rangaji, ya jiƙa wandonsa sharkaf. Ba ta yi dariya ba. Ta ce masa, "Matsalarka kanka kake kallo. Kalli ruwan." Wannan saurayin yana cikin waɗanda suka rakuɓe a lungu ranar rasuwa, kuma kukansa ya fi na mai zubewa a kafet tsafta.

Bincikenta shi ne ya zama silar komai. Duk dogon hutu sai ta tafi Kano, ko Damagaram, ko Kumasi, ta zauna da tsofaffin matan da suke wankan gawa. So take ta rubuta yadda suke aikinsu kafin su ƙare. Ta ba ni labari cewa da farko da rikoda ta je, wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, in sani kike so, ajiye wannan abin ki riƙe buta." Ta ajiye, ta riƙe buta. Shekaru tana riƙewa, har ta iya komai: yadda ake dama magarya, inda ake sa kafur, yadda ake tsefe kai a hankali, yadda ake auna yadi da kamu a tsaga shi da hannu. Ta kuma koyi babbar dokar aikin, cewa abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya, da ita ake binne shi.

Shi kuwa yadin, a Makka ta saye shi shekarar da ta sauke farali. Ta jiƙa shi da Zamzam kamar yadda iyayenmu suke yi, ta shanya a wata waya a saman masaukinsu. Ashe wayar ta yi tsatsa, sai ta bar masa wani siririn jan layi a gefe ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wata da ranta ya ɓaci. Gwaggo kuwa cewa ta yi, "Madalla, ko cikin dubu zan gane nawa."

Da wannan yadi ta yi wasan da ya ja mata baƙin jini. Na gan shi da idona ba sau ɗaya ba, don haka ni ce zan faɗi abin da ke ciki. Ita kaɗai take fitowa, da buta da ƙwarya, yadin a kanta. Babu gawa a dandamalin, ba ta kwanciya, ba ta rawa, ba ta waƙa. Tana warware yadin ne tana aunawa da hannunta, tana magana da wata mace da ba a gani, wadda ta rasu nesa da garinsu. "Sannu, 'yar'uwa, zan ɗaga hannunki. Sannu, ruwan da ɗumi, kada ki ji tsoro." Shi ke nan wasan. Na ga ƙattin maza suna fita da jajayen idanu.

Wani ɗan iska ya yanko guntun bidiyo ya watsa a wayoyin mutanenmu. Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya zama wai Gwaggo ta naɗe kanta cikin likkafani tana yi wa Turawa rawa. Waɗanda suka fi kowa rantsuwa a kan haka ko ƙofar gidan wasan ba su sani ba. A wannan makon ne Baffa ya tsallako, zuwansa na ƙarshe kafin ranar rasuwa. Ina kicin ina jin su.

"Yaya, kin zubar mana da mutunci. Likkafani a gaban Turawa, ana tafi?"

"Ka ga wasan?"

"Ba sai na gani ba."

"To zauna, ga kujera, in yi maka shi yanzu."

"Allah ya kiyaye!"

"Likkafanin wa na ɗauka, naka? Nawa ne. Kullum sai na taɓa shi na tuna inda za ni. Kai naka yana ina?"

Ba shi da shi, kuma ya san ta sani. Sai ya miƙe yana huci, ya ce daga ranar ba shi da 'yar'uwa mai wannan sana'a. Ta raka shi har bakin lif ta ce ya gaida yara. Daga ranar ban ƙara ganin ta ɗauki cokali ta kwaikwayi tafiyarsa ba.

To ga inda munafuncin yake. A garin nan mutuwa ba ta fasa zuwa ba, amma tsofaffin da suka iya wanka an baro su a gida. Matanmu kowa da aikinta, wata ofis, wata shago, wata asibiti. Wadda ta ɗan sani tsoro take ji, wadda ba ta tsoro ba ta sani ba. Don haka duk sanda mace ta rasu, wayar Gwaggo ce take ƙara. Muryar takan zo ƙasa-ƙasa: "Hajiya, an yi mana rasuwa. Don Allah ki taimaka. Amma ki biyo ta ƙofar baya, inda motar gawa take tsayawa, kin san halin mutane." Wato ta isa ta taɓa tsiraicin uwarsu, amma ba ta isa a gan ta a zauren da ake zaman makoki ba.

Ni duk sanda na ji haka sai jinina ya hau. "Gwaggo, wallahi kada ki je! Su wanke abarsu!" Ita kuwa tana ta haɗa jakarta, magarya, kafur, auduga, safar hannu. Ko kallona ba ta yi, sai ta ce, "Wadda zan je wa ba ita ta ce in bi ta baya ba. Ɗauko buta." Haka nake bin ta ina ƙunƙuni, har na iya aikin ban sani ba.

Wata rana muna dawowa a jirgin ƙasa, na karkato na ce, "Gwaggo, kin kuwa ga tabon da ke bayan matar nan? Anya mijinta..." Ban ƙarasa ba ta kama cinyata ta murɗe, sai da na ga taurari. Ta ce, "Ba ki ga komai ba. Ba don tana so ta tuɓe a gabanki ba, don ba ta da ikon hanawa ne." Matar da ta iya kwaikwayon kowa, wadda ta san abin da ke ƙarƙashin leshin gidaje da yawa a garin nan, ta rayu tana jin suna zagin ta ba ta taɓa mayar da ko kalma ɗaya ba. Ni da nake da bakin da ba ya rufuwa, wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro game da ita.

Sai autar Baffa ta rasu. Budurwa ce mai sikila, ta sha wahala tun tana ƙarama, yarinya mai fara'a wadda takan kira Gwaggo a ɓoye ta gaishe ta. Lokacin sanyi ne. Matar Baffa da kanta ta bugo waya tana kuka, kuma ko a cikin kukan ba ta manta ba: "Yaya, ta baya za ki shigo, Alhaji yana gaba da mutane." 'Yar ƙaninta fa! Muka hau jirgin ƙasa, muka hau na ruwa, muka hau bas, muka zagaya ta bayan gini muna taka ƙanƙara kamar masu kawo kayan miya.

Mun gama wanka, ma'aikaciyar gidan ajiye gawar ta miƙo likkafaninsu a cikin leda. Matar Baffa tana ganinsa ta sake fashewa da kuka. "Yarinyar nan kullum cewa take, Umma ki kai ni Makka, Umma ki kai ni Makka. Ga shi ko ɗigon Zamzam bai taɓa jikinta ba." Gwaggo ta buɗe jakarta, sai ga yadin. Ni kaina ban san ta taho da shi ba. Ta auna da kamu, ta ɗan ciji gefen, ta tsaga shi biyu. Har yanzu ina jin ƙarar tsagawar nan.

Matar Baffa ta ga jan layin. Ta san ko wane yadi ne, don babu wadda ba ta ƙura masa ido a bidiyo ba. Ba ta ce a'a ba. Ta karɓa ta kifa fuskarta a ciki ta daɗe, sannan muka naɗe yarinyar da shi daga ciki, na gidan ya rufe daga waje. Da muka gama ta riƙo hannun Gwaggo ta ce, "Yaya, kada Alhaji ya ji." Gwaggo ta ce, "Daga bakina ba zai ji ba." A hanya na ce mata, "Yanzu ke kuma fa? Saura rabi." Ta ce, "Ni 'yar ƙarama ce, zai ishe ni."

Kuna tsammanin daga nan wani abu ya sauya? Ko kaɗan. Ba a rufa shekara ba muka haɗu a wani biki a Stapleton, can ɓangaren su Baffa, matar Baffa ta yi mata gaisuwar nesa da kan yatsu, ta koma teburin ƙawayenta. Gwaggo ta ci shinkafarta ta tashi.

Da ciwon zuciyarta ya tsananta, ta kira ni bakin gadon asibiti ta ce, "Ragowar yadin nan, a ciki za ki sa ni. Za su hana ki. Kada ki yi wa Baffanki rashin kunya, kuma kada ki buɗe baki a kan yarinyar nan." Na ce, "Gwaggo, kin ɗaure ni hannu da ƙafa, ta yaya zan yi?" Ta yi murmushi ta ce, "Ke kika sani."

To mu dawo ɗakin makoki. Bayan la'asar sai ga wata Baturiya, shugabar sashen da Gwaggo take koyarwa. Na san ta. Ita ce mai kiran Gwaggo "taskarmu" a gaban baƙi, alhali ajin da ta ba ta yana can ƙarƙashin ƙasa, ko taga babu. Ta karkatar da kai, ta sassauta murya, ta yi jaje. Sannan ta ce jami'a za ta yi alfahari in aka ba ta farin yadin nan na wasa, za a sa shi cikin gilashi a zauren karatu don tarihi.

Fuskar Baffa ta washe kamar an ce masa ya ci gasa. "A ba su! Ai dama nasu ne. Ke, ɗauko musu."

Na ce, "Baffa, ta yi wasiyya a cikinsa za a binne ta."

"A cikin tsumman da aka yi wasa da shi? Ina raye? Ni ne waliyyinta. Babu ɗan gidanmu da za a kai kabari cikin wannan ƙazanta."

Liman yana wurin. Ya gyara murya ya ce shi dai a iliminsa yadi in yana da tsarki babu abin da ya hana, amma sai ya saci kallon Baffa ya ƙara da cewa maganar ta dangi ce. Ka ji fa. Ga wanda ya ce yadin ƙazanta ne, ga wadda ta ce taska ce, ko gaisawa ba su iya yi da harshe ɗaya ba, amma sun haɗu a kan abu guda: a raba Gwaggo da likkafaninta.

Maganar autarsa tana nan a bakina. Kalma kaɗan ce, in na faɗe ta Baffa ba zai sake ɗaga kai a ɗakin nan ba, kuma Allah ya sani ina so in faɗa. Amma cinyata ba ta manta murɗar nan ba. Na dubi matar Baffa, ta sunkuyar da kai tana wasa da carbi. Wato shiru za ta yi, kamar yadda ta saba.

Na shiga ɗaki na hau kujera na sauko da yadin. Yana ƙamshin kanumfari. Na ninke shi yadda tsagaggen gefen da jan layin za su zo sama, na fito. Baturiya ta miƙo hannu biyu. Na wuce ta, na ratsa cikin mata, na ɗora shi a cinyar matar Baffa.

Na ce, "Hajiya, ke ce babba a cikin matan gidanmu. Ke ya kamata ki miƙa mata da hannunki."

Ta kalli yadin kamar wuta na ajiye mata. Yatsunta suka bi tsagaggen gefen nan, zare-zaren suna maƙale mata a farce. Baffa ya ce, "Miƙa mata mana, ana jira."

"Ba zan iya ba, Alhaji."

"Ba za ki iya me ba?"

"Rabin yadin nan yana jikin 'yarka." Kowa a ɗakin ya ji. "A cikinsa muka sa Auta. Ina tsaye. Yaya ce ta wanke ta, ita ta tsaga mata nata. Ni na ce ta shigo ta baya, ni na ce kada ka ji."

Makullin da Baffa yake kaɗawa tun shigowarsa ya tsaya. Sai dattijuwar nan 'yar Kumasi, wadda tun zuwanta ba ta yi magana ba, ta ɗago daga ƙasa ta ce da Hausarsu ta Zango, tana kiran Gwaggo Maame kamar yadda ta saba, "Wanda Maame bai taɓa wanke mishi gawa ba a ɗakin nan, shi ɗaga hannu mu gani." Na bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Mai zubewa a kafet ta samu wani abu mai muhimmanci a cikin jakarta tana nema. Babu hannun da ya tashi.

Baffa ya miƙe ya fita waje ba tare da ya sa takalmi ba. Baturiya ta tambaye ni me ya faru, na ce mata yadin yana da mai shi. Ta sake karkatar da kai ta ce ta fahimta ƙwarai, ko za a bar ta ta ɗauki hotonsa? Na ce a'a.

Washegari da safe muka wanke ta, ni da dattijuwar, matar Baffa tana riƙe da buta. Na yi mata magana yadda ta koya mini. "Sannu, Gwaggo, zan ɗaga hannunki. Ruwan da ɗumi, ba na sanyi ba ne." A nan ne kukan da na riƙe tun jiya ya ƙwace mini. Da muka zo naɗewa ina ta tsoron kada yadin ya gaza. Ya rufe ta tun daga kai har tafin ƙafa, ya bar ɗan abin ɗauri, ba ƙari ba ragi. Ashe tun ranar da ta tsaga shi a gaban gawar yarinyar nan, ta auna har da nata tsawon a ciki. Sauran abin da na gani a ɗakin nan ba na kowa ba ne.

Kada wani ya zo ya ce mini ai Baffa ya yi nadama. Ban shiga zuciyarsa ba, abin da kunnena ya ji nake faɗa. Ranar addu'ar uku na wuce da tiren shayi na ji yana gaya wa maza, "Yayata ce ai, ni na tsaya tsayin daka sai da aka cika mata wasiyyarta." Makullin ya dawo yana kaɗawa. Matan kuwa yanzu kowace tana da labarin yadda ita da marigayiya suke kamar uwa da 'ya. Ina jin su, ina zuba musu shayi.

Ba a daɗe ba wayata ta yi ƙara ina shirin fita aiki. Mai zubewa a kafet ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "An yi mana rasuwa a Stapleton, ƙanwar maigidana. An ce Hajiya ta koya miki. Don Allah ki taimaka. In kin zo, akwai wata ƙofa ta wajen da mota take..."

Na ce, "Zan zo, don wadda ta rasu ba ta yi mini komai ba. Amma ta gaba zan shigo. Kuma duk wanda ya tambaye ni wa ya koya mini, zan ce masa 'yar wasa ce."

Ta ce to.

Gwaggo ba za ta taɓa kafa wannan sharaɗi ba, na sani. Ta fi ni haƙuri, ta fi ni komai. Amma ni ba ita ba ce, kuma wannan ba ya cikin abin da ta hana ni. Na ɗauki jakarta da butarta, na hau jirgin ƙasa, na hau na ruwa, na hau bas. Na tura ƙofar gaba, zauren cike da mutane, na yi sallama da ƙarfi yadda na ƙarshen ɗaki zai ji. Suka ga butar, suka gane ta. Suka ja kujeru, na wuce ta tsakiyarsu.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya suturta ta kamar yadda ta suturta matan garin nan. Ya Allah, a duniya ta gaji da zagayawa. In ta iso gidanKa, Ka sa a buɗe mata ƙofar gaba.